Wata takwas da ɗaura sandunan sitiyari na sama a kan aksul mai koyil

Wata takwas ke nan da na ɗaura wa motata saitin sandunan sitiyari, irin wanda ake hawar da su can saman gwiwar aksul, wato ƙarfen ƙarshen aksul da ke juyawa da taya in an murɗa sitiyari, kuma sai yanzu nake jin na isa in yi magana a kansa. Da a makon farko na zauna rubutu, da fushi ne zai riƙe alƙalamin. Ƙarfen da aka sayar mini mai kyau ne, ba ni da ja a kan haka. Amma takardar da ta biyo shi ta nuna aikin yini guda ne, ni kuwa sai da ya cinye mini ƙarshen mako uku, har da yanke abin da na riga na yi wa walda. Dalilin ɗaya ne: waɗanda suka ƙera shi da sifirin mai falle-falle a ransu suka ƙera shi, gaban motata kuwa a kan koyil, wato naɗaɗɗen sifirin, yake zaune.

Motar tsohuwar Hilux ce mai aksul guda a gaba, wato ƙarfe ɗaya da ke riƙe tayoyin biyu, irin wadda Toyota ta soma fitarwa a 1979. Kasuwar Amurka ta rabu da wannan aksul bayan 1985, wasu ƙasashen kuwa sun ci gaba da samunsa har 1997. Aksul ne matsattse, faɗinsa kimanin inci 55, kuma tulun difarensha yana gefen dama. Ka riƙe waɗannan biyun, don a nan duk wahalata ta samo asali. Sitiyarinta na asali gajeriyar sanda ce da ke turawa gaba da baya zuwa gwiwar hagu, sai tayarod, sandar haɗa gwiwar hagu da ta dama, da ke ratsawa ta ƙarƙashin sifirin, a daidai inda dutse yake fara gaisawa da mota. Sau biyu ina lanƙwasa shi. A karo na biyu tayoyin gaba suka koma kallon juna, na dawo da motar da ƙyar, ina tafiya kamar mai tallar ƙwai. Ranar na ƙudurta cewa zan sake gaban gaba ɗaya: koyil a madadin sifirin mai falle, hannaye uku masu riƙe aksul, sandar Panhard mai hana shi gocewa gefe, taya inci 35, sannan sitiyari ya hau sama.

Aksul guda a kan koyil ba baƙon abu ba ne. Range Rover ta fito da haka tun 1970, Nissan Patrol ta bi sahu a 1987, Land Cruiser 80 a 1990, Jeep Wrangler kuma a samfurin 1997. Sai dai duk waɗannan a takarda ɗaya aka zana sifirinsu da sitiyarinsu, kowa aka ware masa gurbinsa tun kafin a narka ƙarfe. Mai gyara tasa da hannunsa ba shi da wannan gatan. Kaya yake haɗowa daga hannun mutanen da ba su taɓa zama sun yi shawara da juna ba.

Ga abin da na tarar a kwalin. Hannaye biyu masu kauri da ake ɗaurawa a saman gwiwar dama da ta hagu, na dama mai huji biyu, na hagu mai ɗaya. Sanduna biyu: tayarod mai haɗa gwiwa da gwiwa, da sandar ja wadda ke tasowa daga hannun akwatin sitiyari a hagu ta ƙetare zuwa gwiwar dama. Kawunan tayarod huɗu, wato mahaɗai masu ƙwallo da ake ɗaurawa a bakin sanduna, irin na Land Cruiser 80, masu zaren milimita 23. Hannun akwati guda, da sitod takwas, wato kusoshin zare da ke ɗaure hannayen a kan gwiwa, da notinansu da wosha mai siffar mazurari. Akwatin sitiyarin ba ya ciki, na nemo na Hilux wadda ta fito bayan tawa, wanda hannunsa ke lilo daga gefe zuwa gefe.

Tun a hannu na ji nauyin aikin ƙwarai. Sandunan bututu ne mai kaurin inci ɗaya da kwata, bangonsa kwatar inci, kuma zaren a jikin bututun aka yanka shi, ba wani abu aka liƙa da walda ba. Kowace sanda kai ɗaya zaren dama ne, ɗaya zaren hagu, saboda haka in kana son ƙara mata tsawo ko ragewa sai kawai ka sassauta notin kulle ka murɗa ta a inda take, ba sai ka cire kai ba. Wanda ya taɓa cire kan tayarod sau shida a yamma ɗaya don neman milimita uku shi ya san darajar wannan. Hujin hannayen an yi masa tsukin da ya dace da kawunan: na shafa wa ƙafar kan alli, na zura, na juya, na zaro, allin ya goge ko'ina daga sama har ƙasa. Idan tsukin bai zauna haka ba, komai ɗaurin noti sai kan ya yi wasa, ya ci hujin. A nan ban ga abin kushewa ba. Fentin ne dai siriri, cikin wata biyu tsatsa ta fara leƙowa a bakin sandunan, na goge na sake fesawa. Wannan ƙaramin abu ne.

Babban abin shi ne takardar. Falle ɗaya ce, hotuna huɗu, duka na mota mai sifirin falle. Babu awo ko ɗaya: ba a faɗi nisan huji daga tsakiyar gwiwa ba, ba a faɗi tsayin da hannun zai ɗaga sanda sama da bututun aksul ba. A mota mai sifirin falle ba ka bukatar sanin waɗannan sosai, domin sifirin shimfiɗe yake, sanduna su bi ta samansa, magana ta ƙare. Koyil kuwa a tsaye yake kamar turmi, daga kan aksul har shasi. Ba yadda za ka bi ta samansa. Dole ka bi ta gabansa ko ta bayansa, kuma lambobin nan biyu da aka ɓoye su ne za su gaya maka ko akwai hanya.

Ni kafin kwalin ya iso na riga na zaunar da mazaunan koyil a kan aksul, na yi musu walda ta dindindin. Har na ɗan turo su gaba da santimita ɗaya don shokozoba ya sami wuri a baya. Da na ɗaura hannaye da tayarod, tayoyi suna kallon gaba, sai na ga yatsana yana shiga tsakanin sanda da koyil. Na ji daɗi. Na ce wa ƙanena ya shiga ya murɗa sitiyari har ƙarshe. Can sai na ji ya ce, "Yaya, ya tsaya fa, kamar wani abu ya tokare shi." Ina leƙawa na ga tayarod ya kwanta a jikin koyil, ya goge fenti, alhali gwiwa ba ta kai ga kusar tsayawarta ba.

Daren nan na zauna da tef da takarda, na gano inda wurin ya tafi, kuma zan bayyana shi dalla-dalla don shi ne abin da nake fata da wani ya nuna mini tun farko. A awona, hujin tayarod yana santimita 12 gaba da layin da gwiwa ke juyawa a kai. Rabin kaurin sanda ya ci 1.6. Sannan akwai kasta, wato jinginar da layin nan yake yi baya ta sama, wadda ita ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Na saita tawa a digiri 6. Da yake hannun yana sama da tsakiyar aksul da kusan santimita 15, jinginar ta ja shi baya da wani 1.6. Saura 8.8. Koyil ɗin faɗinsa santimita 13, rabinsa 6.5, ga ɗayan da na turo shi gaba, ya zama 7.5. Tazarar da yatsana ya shiga ke nan, 1.3. To amma hannu da'ira yake yi, ba layi yake bi ba. Idan taya ta juya digiri 30, hujin da ke santimita 12 a gaba sai ya dawo 10.4, ko dama ka murɗa ko hagu. Sanda ta matso baya da 1.6, wurin da ke akwai 1.3 ne. Ga shi kuma koyil ba ya zama a miƙe cak idan aksul yana hawa da sauka, yakan yi ciki, ya bankaro gefe ɗaya.

Washegari na kira dattijon da ke taya ni walda, wanda ya fi shekara talatin yana harkar ƙarfe. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka fara da sifirin? Sifirin ko ka matsar da shi kaɗan zai ɗauki kayansa. Sitiyari hanya ɗaya gare shi." Na ce, "Baba, in aka ɗan lanƙwasa sandar a daidai wurin fa, ta kauce masa?" Ya ce, "Ba dai da hannuna ba."

A lokacin na ji haushin amsar, don lanƙwasawa aikin rabin awa ne. Yanzu ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Tayarod ba ja kawai yake sha ba, yana shan dannawa ma: duk lokacin da taya ɗaya ta tokari dutse kana murɗa sitiyari, ƙarfin yana matso sandar daga kai biyu. Miƙaƙƙiyar sanda tana jure wannan har wani mataki mai nisa, amma wadda aka riga aka lanƙwasa an nuna mata inda za ta karye ne. Bugu da ƙari, sanda mai lanƙwasa a kan kawuna masu ƙwallo tana mirginawa, cikinta ya faɗo ƙasa ko ya koma baya, har ta taɓa abin da aka lanƙwasa ta don ta guje masa. Na san akwai motocin da kamfani ya fitar da lanƙwasassun sanduna, amma su da lissafi aka yi su, aka ƙara kauri inda ya kamata. Ba ɗaya suke da bututun da aka gasa da wuta a gareji ba.

Sauran hanyoyin ma mun auna su. Akwai kawunan tayarod masu gwiwa da ke turo sanda gaba da kusan inci guda, amma a wajena sai ta je ta ci karo da sandar ja, wadda ke hujin gaba na hannun dama, kuma su ma suna da halin mirginawa. Sake huda hannu a wani wuri ban ko saurara ba, don ba na son rage nama a ƙarfen da raina ke rataye da shi. Mayar da tayarod bayan aksul, kamar yadda yake a Land Cruiser 80 da Land Rover Defender, dabara ce mai kyau, aksul ɗin ma sai ya zama garkuwarsa. Sai dai a tsayin hannayen sama, bayan aksul ɗina cike yake da hannun riƙo na sama da wuyan difarensha da kaskon man injin, kuma hannayen da na saya ba su da huji ta baya. Sauya koyil da shokozoba mai sifirin a jikinsa, wanda ya fi siranta sosai, zai warware komai, amma wannan sabon aiki ne da sabon kashe kuɗi.

Abin da muka yi shi ne abin da Baba ya faɗa tun a kallon farko. Muka sa giranda muka yanke mazaunan koyil na ƙasa da na sama, muka mayar da su baya da santimita 2.5, shokozoba ya koma ɗan waje. Tazarar a ƙarshen kwana ta zama santimita 2 da ɗoriya. Koyil da ya koma bayan tsakiyar aksul da santimita ɗaya da rabi yana ɗan son murɗa aksul, amma hannayen riƙo suna ɗauke wannan ba tare da sun ji ba. A wannan karon ɗigon walda kawai muka yi, ba mu cika ba sai da aka gama gwaji.

Gwajin nan shi ne aikin gaske, kuma takardar ko ambatonsa ba ta yi ba. Ana ɗora shasi a kan tokaran ƙarfe, a cire koyil duka biyu, a bar shokozoba, a sa jak biyu a ƙarƙashin aksul. Sai a kai aksul matsayi biyar: tsayinsa na tafiya, can sama har ya taɓa robar tokari mai hana shi bugun shasi, can ƙasa har ya rataye, dama sama hagu ƙasa, hagu sama dama ƙasa. A kowane matsayi a duba sitiyari a tsakiya, a ƙarshen dama, a ƙarshen hagu. Sha biyar ke nan. A gurbin koyil na tsayar da kwalin da na naɗe daidai faɗinsa, na ƙara masa santimita ɗaya saboda bankarowa. Inda ido ba ya kaiwa na manna ɗan curin yumɓu, in an sauke in ga iya matsewar da ya yi. Ƙanena ya wuni a kujera yana murɗawa, ni ina kwance a ƙasa da fitila.

Abu uku wannan gwajin ya tono, kuma ba wanda za a gani mota tana tsaye a kan tayoyinta. Na farko, da aksul ya hau sama gaba ɗaya, kan sandar ja da ke hannun akwati ya sauko daf da tayarod, a kwanar dama ma sun taɓa. Sai da muka matsar da akwatin gaba a kan shasi, muka sake huda, muka zura gajerun bututu a cikin hujin don kada noti ya matse shasi, muka ƙara faranti ciki da waje. Na biyu, idan dama ta hau hagu ta sauka, sandar ja tana dukan ƙasan shasi na dama. Nan na ƙara wa robar tokari tsawon santimita 2.5, na haƙura da wannan hawan. Wannan shi ne kuɗin da sitiyarin sama yake karɓa: abin da ka samu na tazara daga ƙasa, a sama kake biyansa, kuma wanda motarsa ba ta ɗagu sosai ba zai biya fiye da ni. Na uku ya fi tayar mini da hankali. Da aksul ya rataye ƙasa, kan sandar ja ya kai iyakar karkatarsa tun shokozoba bai gama buɗewa ba. Ma'ana nauyin aksul da tayoyi biyu zai rataya ne a ƙafar kan tayarod guda. Na sa ɗamarar hana sauka a kowane gefe, ta tsayar da aksul santimita biyu kafin a kai nan.

Sai maganar sandar Panhard, wadda sunanta na kamfanin motoci ne na Faransa da ya ƙirƙiro ta. Saitin bai san da zamanta ba, tunda sifirin falle shi ke riƙe aksul ta gefe. A kan koyil kuwa ita da sandar ja tagwaye ne, dole su tafi tare. Kowaccensu kai ɗaya yana shasi ta hagu, ɗaya yana aksul ta dama, kuma kowacce da'ira take yi idan aksul ya motsa. In da'irorin suka yi daidai, taya ba ta san an yi komai ba. In suka saɓa, bambancin a sitiyari yake fita. Mu ɗauka don sauƙin lissafi kowacce santimita 100 ce, amma Panhard ta gangara da santimita 17 daga shasi zuwa aksul, sandar ja kuma da 8 kawai. Mota ta taka tudu, aksul ya hau da santimita 10. Panhard za ta ture aksul gefe da 1.2, kan sandar ja kuwa 0.3 kawai zai matsa. Bambancin 0.9 a kan hannu mai tsawon santimita 16 ya haura digiri 3 na kwana, kwanar da ba kai ka yi ta ba.

Kusan haka tawa take a ranar fitar farko, domin kunnen da ke riƙe Panhard a kan aksul tun kafin zuwan hannayen sama na kafa shi, a ƙasa. A kan kwalta mai laushi lafiya lau. Ina shiga gargada sai sitiyari ya fara fizgar hannuna, motar tana leƙa dama tana leƙa hagu. Ban yi nisa ba na juyo. Muka gina sabon kunne mai tsayi a saman tulun difarensha, daidai tsayin kan sandar ja. Sa'ar da na ci ita ce jikin aksul ɗin Toyota ƙarfen faranti ne da ke karɓar walda, ba zubi ba ne kamar tulun aksul ɗin Dana da sai an yi masa dabara. Duk da haka kunne mai tsayi yana shan ƙarfi sosai, mun tokare shi da haƙarƙari ta gefe biyu, muna walda kaɗan-kaɗan muna barin ya huce don kada bututun aksul ya karkace. Wajen awo, kada ka bi jikin sanda da ido. Zare za ka ja daga tsakiyar ƙwallo zuwa tsakiyar ƙwallo, ka ja wani daga tsakiyar noti zuwa tsakiyar noti na Panhard, ka ɗora ma'aunin kusurwa a kan zaren.

Kusurwa ta daidaita, tsawo ne bai daidaita ba. Sandar ja tana kaiwa har gwiwa, Panhard kuwa dole ta tsaya kafin koyil ɗin dama, ga aksul matsattse. Na fitar da kunnenta na shasi waje, ta gaban koyil ɗin hagu, na samu ta kai santimita 80, sandar ja tana 91. A tafiyar yau da kullum ba na jin komai. Sai in an faɗa babban rami da gudu nake jin ɗan motsi a tafin hannu, kuma na san daga ina yake.

Akwai wani lissafin da ke ɗauke da sunan Rudolph Ackermann, wanda ya yi rajistarsa a Ingila a 1818 a madadin Georg Lankensperger, maƙerin keken doki na Munich: tayar da ke cikin kwana ta fi ta waje juyawa. Hannayen da ke gaban aksul sai hujinsu ya ɗan fita waje kafin su cika wannan ƙa'ida, wili da birki kuma ba sa barin wuri. Nawa ba su cika ta ba, a matsattsiyar kwana a kan siminti ina jin taya tana gurzar ƙasa. A turɓaya da dutse ban damu ba.

Abin da na damu da shi, kuma nake ganin laifin masu kayan ne da ba su rubuta shi da manyan baƙaƙe ba, shi ne sitod. Duk ƙarfin juya taya inci 35 yana bi ta sitod huɗu ne da ke saman gwiwar dama. Woshar mazurari ita ke cike tazarar da ke tsakanin sitod da huji, in ta zauna daram hannu da gwiwa sun zama abu ɗaya. Da zarar noti ya yi sako-sako, hannu ya fara wasa, sitod ɗin sai su karye ɗaya bayan ɗaya, kuma in na ƙarshe ya tafi ba ka da sitiyari ko kaɗan. Na wanke hujin da zaren tas, na sa maganin kulle zare a ƙasan sitod, na ɗaure da sifana mai awon ƙarfi kamar yadda littafin motar ya ce. Duk da haka bayan fitar farko cikin duwatsu na tarar noti biyu sun karɓi ƙarin ɗauri. Bayan ta biyu, ɗaya. Daga ta uku suka zauna. Haka kuma hannun shi ke danne boris ɗin gwiwa na sama, saboda haka sauya shi yana sauya matsin boris. Sai an sake auna nauyin juyawar gwiwa da sikelin rataye, a ƙara ko a rage siraran fallayen da ke ƙarƙashin hannun. A gefen hagu sai da na sauya su. Takardar layi ɗaya ta ba wannan. Kusoshin tsayawar gwiwa kuma na saita su yadda za su taɓa kafin akwati ya ƙure, domin mahaɗin Birfield da ke cikin gwiwa, mai kai ƙarfin injin zuwa taya, ba ya son a wuce da shi iyakarsa ana ba shi wuta.

Na rubuta wa masu kayan ina tsakiyar rikicin koyil. Kwana biyar kafin su amsa, amma amsar ta gaskiya ce: sun ce don sifirin falle suka tsara shi, masu koyil suna amfani da shi amma kowa da nasa gyaran, suka kuma turo mini awon hannun da na nema. Na yaba da rashin ɓoye-ɓoyen. Abin da ban yafe ba shi ne rashin sa wannan jimla ɗaya a inda mai saye zai gani kafin ya biya. Da zanen hannun da awonsa suna nan a fili, da ban yanke walda ko ɗaya ba.

To yaya yake bayan wata takwas? Tayarod ya hau sama da inda yake a da da fiye da santimita 10, ya ɓuya a saman layin aksul, kuma har yau dutse bai taɓa shi ba, alhali tulun difarensha ya sha duka. Birki ba ya ƙara jan motar gefe kamar zamanin gajeriyar sanda. Na saita gaban tayoyi ya tsuke da milimita 3, na auna makon jiya yana nan yadda na bar shi, tayoyin kuma suna cinyewa daidai. Kawuna huɗun babu mai wasa, sai dai robar giris ta kan da ke hannun akwati ta tsage a wata na biyar, ina zargin yawan karkata ne, na sauya ta. Karkarwar gaban nan da masu aksul guda ke tsoro ban gan ta ba, amma ba saitin kaɗai zan ba wa ladan ba, har da kasta da bushin ɗin Panhard masu tauri.

Mai sifirin falle ya saya hankalinsa kwance, zai same shi kusan yadda aka faɗa. Mai koyil da ke da injin walda, da wurin da mota za ta yi mako uku a kan tokari, da wanda zai murɗa masa sitiyari, shi ma ya saya, amma ya sa kayan a hannunsa kafin ya kafa komai a kan aksul: hannaye da sanduna tukuna, Panhard ta biyo su, koyil da shokozoba su ɗauki abin da ya rage. Wanda kuwa yake neman abin da zai ɗaura da sifana kawai ya hau titi, ko wanda dokar ƙasarsa ke bukatar a duba duk wani gyaran sitiyari kafin mota ta hau kwalta bai kuma shirya wa hakan ba, ban ba shi shawara ba.

Notinan sitod takwas ɗin nan na ja wa kowanne layin farin fenti daga kansa zuwa jikin hannu. Kafin kowace fita nakan durƙusa in duba ko layin ya goce, in zura yatsu biyu tsakanin tayarod da koyil ƙanena yana riƙe da sitiyari a ƙarshen kwana. Aikin da ke gabana yanzu shi ne yanka ɗan gurbi a ƙasan shasi na dama in toshe shi da rabin bututu, ko na dawo da santimita 2.5 ɗin da robar tokari ta cinye.